Ranar da Na Goge Burtali

Ba zan taɓa mantawa da teburin nan ba, shi na fara gani da muka shiga ofishin: dogo kamar na mahauta, cike da hotuna, an lulluɓe su da wata leda mai haske. Muna aji biyu a sakandare, Malama Rifkatu mai koya mana labarin ƙasa ta kawo mu mu ga yadda ma'aikatan daji ke zaɓen wurin dasa itatuwan tare hamada.

Wani dattijo, Malam Kyari, ya ce daga jirgin sama aka ɗauki hotunan. Ya ɗora wani tabarau mai ƙafafu a kansu, ya ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Ni ce ta ƙarshe (ko a layin famfo ni ce ta ƙarshe). Ina leƙawa sai ƙasa ta miƙe tsaye. Ga itatuwan dogon yaro da inuwarsu, ga kogin Ngadda ya lanƙwashe kamar igiyar da aka yar, ga Kasuwar Shanu inda babana ke dillanci, ba ta kai tafin hannuna ba. Na ce, Subhanallahi, ashe haka shirwa ke ganinmu!

Malam Kyari ya ja sauran ɗalibai wajen taswirar bango yana ta bayani. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ya dame ni shi ne wani jan zane a karkace da ya ratsa ledar, kamar yaro ya yi wasa da alli. Inna ta horar da ni cewa 'ya mace ba ta ganin datti ta wuce. Na jiƙa bakin farin ɗankwalina da yawu, na goge zanen tas. Har na ja da baya ina yaba aikina.

Suka dawo. Malam Kyari ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Malama, ina burtalina?"

Ashe jan layin hanyar shanu ce. Mako uku ya yi yana bin makiyaya a kan babur kafin ya zana ta, kuma jibi za a zauna a yanke wurin dashe. In babu layin, a tsakiyar hanyar za a jera itatuwan a kewaye su da waya, shanu su faɗa gonakin mutane.

Ba wanda ya tambayi mai laifi. Ido goma sha biyu ne a kan ɗankwalina.

"Ga burtalinka can a kanta, Malam," in ji Falmata, kuma wai ƙawata ce.

Malam Kyari ya dube ni ya ce, "'Yata, hamada ma a hankali take cin hanya. Ke kin cinye kafin azahar."

Tun daga ranar, in na ga datti a teburin masu ilimi, sai na tambayi sunansa tukuna.

Da la'asar na sami Baba yana wanke ƙafa. Da ƙuruciyarsa ya bi wannan burtalin da sanda, ya san kowace tsamiya da kowane tafki. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah gobe ka raka ni wani ofis, ka nuna musu inda shanu ke bi. Kuma kada Inna ta ji zancen ɗankwalin."