Rasuwar Faifan Dama na Shagon Namakau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu can ƙasansa da ya fi baƙin cikin ɗaci, Namakau Sitali, mai ɗaukar bidiyon biki a kasuwar Kabwata ta Lusaka, take sanar da rasuwar faifan ajiyar bayanan kwamfutarta na hannun dama, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata yana tsakiyar aiki.

Marigayin ya yi rayuwarsa a akwatin ajiyar da kwamfutocin shagon suke zuba wa kaya, kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwan tagwaicinsa na hagu. Duk abin da ɗaya ya riƙe, ɗayan ma yana riƙe da shi. Ya sha ɗaukewar wuta bai yi ƙorafi ba. Maganarsa ba ta wuce “kirrr, tik, tik” da safe. A cikinsa kuma, ƙarƙashin amare barkatai, akwai bidiyo guda tilo na marigayi mahaifin Namakau yana kaɗa silimba, abin kiɗan katako na gargajiyarsu, yana dariya.

Ciwon ajalinsa daga shagon da ke kallon nata ya faro. Mai shagon, Lweendo Hachambwa, wadda komai nata sabo ne har murmushinta, ta sayo manyan faifai, ta kuma bar ƙofa a buɗe don jama'a su gani. Namakau ta gani, barci ya ƙaurace mata. Ta je ta sayo nata babba mai ƙyalli, ba ta tsaya tambayar yadda yake rubutu ba. Ta zare na hagu, lafiyarsa ƙalau, ta sa sabon a gurbinsa, ta miƙa wa Lweendo tsohon kyauta, wai tsohon tarkace ne, ko yara za su yi wasa da shi. Ta ji daɗin faɗin hakan ƙwarai.

Ashe baƙon irin masu jera rubutu ne kamar kwanon rufi, gefen wannan a kan na wancan, ba a taɓa ɗaya sai an ɗaga maƙwabcinsa. Marigayin ya yi ta ɗura masa kaya, shi kuwa yana karɓa kamar mai cin magani, ya tsaya, ya yi nazari, ya sake tsayawa. Tsoho bai huta ba dare da rana. A ƙarshe ya ce “tak, tak, tak”, ya yi shiru.

Ya rasu ya bar baƙon da ya kashe shi, cikinsa rabi fanko, da Namakau, da ɗan'uwansa, wanda yanzu yake zaune a shagon Lweendo ƙarƙashin fanka, an ce har ƙiba ya yi. Shi kaɗai ya rage da silimbar Baba.

Za a sa marigayin a makwancinsa, aljihun tebur na ƙasa, ranar Asabar bayan an rufe shago. Akwai nshima, tuwon masara, da kapenta, ƙananan busassun kifi, ga masu ta'aziyya. Tawagar da aka shirya turawa roƙon a dawo da faifan hagu ta fasa tafiya, domin Lweendo ta riga ta leƙo, ta dafa kafaɗar mai makoki ta ce, “Haba 'yar'uwa, ni in goge Baba? Ai kullum sai na saurare shi. Da kaina zan kai miki shi gida.”

A sabuwar motarta za ta kawo shi. Iyalan marigayin suna roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya yabi motar.