Tsaurin Ido: Yadda Za Ka Tare a Gidan Mijin Yayarka

Mai kunya baƙon kwana biyu ne, mai tsaurin ido kuwa ɗan gida ne. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko da tsintsiya ba za a share ka ba. Na koye su daga Auta, ƙanin matar maƙwabcina, wanda ya zo gaisuwa ya mallake ɗakin baƙi.

1. Zo da ƙaramar jaka. Babba tana firgita maigida. Auta da leda ɗaya ya shigo, sauran kayan sawa ya same su a durowar mijin Yaya.

2. Yi ladabi. Kada ka haɗa tsaurin ido da fitsara, ita aikin yara ce. Mai tsaurin ido yakan durƙusa har ƙasa ya gaishe ka, sannan ya miƙe ya zauna a kujerarka, ya canza maka tasha.

3. Kada ka gane habaici. Da maigida ya tambaya ko su Mama ba su yi kewarsa ba, Auta ya kwantar masa da hankali, wai su ne ma suka ce kada ya bar gidan nan da kaɗaici.

4. Riga shi ƙorafi. Ranar da maigida ya gan shi cikin sabuwar rigarsa, kafin ya buɗe baki Auta ya ɗaga hannu. "Yaya, telan nan naka ya cuce mu. Dubi yadda ta kama ni a hammata."

5. Ji tsoron tsoho mai ƙaramar jaka. A nan gwanin ya faɗi, abin har ya ba ni tausayi. Maigida ya je ya ɗauko kawunsa, wai ya zo ganin likita. Kawu ya haye gadon, ya nuna wa Auta tabarma. Ya saka takalman Auta, ya ce sun yi masa daidai. Shi zai aike shi sayen asuwaki, shi zai miƙo masa ƙafa a matsa. Babba ne, ba a musa masa.

Da Auta ya gaji, ya tambaya a hankali yaushe za a ga likitan.

"Wane likita, ɗana? Ai lafiyata ƙalau."

Washegari Auta ya ɗauki ledarsa.

Gargaɗi: Duk abin da ya same ka, ba ruwana, ban ma san ka ba. Maƙwabcina dai ya ce a sanar da duk mai dabarar fitar da kawu ya zo, yana nemansa ruwa a jallo.