Tayin Tanimu a Layin Abinci

Abokina Tanimu tela yana da wata cuta da har yau ban ga mai maganinta ba: tayi. Ko ruwan leda yake sha, in ka gifta sai ya ce maka bismillah. To, hutun babbar sallar nan ɗinki ya yi albarka, sai gogan naka ya kwashi matarsa Barira da yaransu huɗu zuwa Abuja, wani katafaren wurin wasan yara mai lilo iri-iri da ɗan jirgin ƙasa. Tun a gida Barira ta ce bari ta dafa shinkafa ta zuba a kula, ya ce atafau.

"Haba Barira, Abuja fa za mu! Akwai gidan abinci a ciki. Yau ke 'yar gata ce, kina zaune za a kawo miki."

Ashe gidan abincin ba a shigarsa kai tsaye. Wata budurwa ce a bakin ƙofa, ka faɗa mata sunanka da yawanku, in teburi ya samu ta kira ka a waya. Ta ce teburin mutum shida sai nan da awa ɗaya. Ga azahar ta yi, yara rabonsu da abinci tun kokon safe, lilo kuma ya gama zazzage musu ciki. Barira ta yi ta lallashinsu.

Saura ƙiris a kira su, sai ga Mudi mai gyaran babur na unguwarsu, da matarsa da yara uku. Aka gaisa, aka yi barka da sallah. Kafin Barira ta kai ga taka wa mijinta ƙafa, baki ya riga ya suɓuce.

"Bismillah mana, abinci za mu shiga ci."

Jama'a, wa bai san amsar wannan magana ba? "Alhamdulillahi, a ci lafiya," shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Amma Mudi ya washe baki ya ce, "Kai, Allah ya saka da alheri! Da ma mu an ce mana sai la'asar."

Tanimu ya koma wurin budurwar nan yana sosa ƙeya, ya ce sun zama goma sha ɗaya.

"To yallaɓai, manyan teburanmu biyu ne kacal, kuma akwai mutane a gabanka," in ji ta. "Na shidan zan ba wa wasu. Sai ka ƙara haƙurin awa ɗaya da rabi."

Auta ya ɓare baki da kuka. Barira ta sayo musu gugguru, ta ja mijinta har wani benci a lungu.

"Abban Nusaiba, don girman Allah zauna nan ka kalli bangon nan. Kada ka ga kowa, kada kowa ya gan ka."

Ya zauna kuwa, bawan Allah, kamar wanda aka sa horo a makaranta. Sai dai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Can ya ji an dafa kafaɗarsa ta baya. Alhaji Sallau ne, babban kwastomansa, ya gane shi da aikin wuyan rigarsa. Bayansa kuma iyalinsa ne da 'ya'yan ƙannensa, har da shi mutum tara reras. Tanimu ya rantse mini ya dantse harshensa iya ƙarfinsa, amma ana gama gaisuwa, bai san sanda kalmar ta fita ba.

"Ai ba a ƙin tayin ɗan'uwa," in ji Alhaji, har yana gyara hula.

Da budurwar ta ji sun zama ashirin, sai ta ajiye biro ta dube shi. Ta ce sai an haɗa tebura, kuma ba a haɗawa sai jama'a sun ragu.

Ba a kira su ba sai gab da magariba. Lokacin an ƙarar da kaji, an ƙarar da soyayyen dankali, sai 'yar shinkafar gindin tukunya da miya ba nama. Ita ma Tanimu ya ce a fara zuba wa baƙi. Kafin a zo kan 'ya'yansa tukunya ta yi fes, su kuma sun yi barci a kan kujeru da guggurun da ke cikinsu. Mudi da Alhaji suka yi hamdala, suka sa masa albarka, suka tafi.

A mota, hanyar komawa masauki, Tanimu ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe.

"Ki yi haƙuri, Barira. Wallahi don kunya kawai na yi tayin nan, ban taɓa zaton za a amsa ba."

Barira ko waiwayowa ba ta yi ba, ta gyara wa auta kwanciya a cinyarta ta ce:

"Haka Baba yake ta faɗa tun ranar da ya yi maka tayin aurena."