Minshari a Ɗakin Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna jarrabawar shiga jami'a ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu Mawashi ba za su bar ni ba.

Tun da na zo na ɗaya a ajinmu na sakandare a Kusada, sunana na yanka ya ɓace, kowa Likita yake ce mini. Tsofaffi har tare ni suke a hanya su nuna mini inda ƙugu ke yi musu ciwo (ni da ko jinin kaza na gani sai kaina ya juya). Baba ya cire ni daga aikin gona, ya kuma sanar wa duk majalisarsu cewa babbar jami'a zan tafi, irin wadda sai mai maki kamar hauka take ɗauka. Daga nan barci ya zama laifi a gidanmu. Da na fara gyangyaɗi a kan littafi sai in ji hannunsa a kafaɗata: "Likita, 'yan birni fa ba su barci!"

Ranar jarrabawa Inna ta dama mini fura da nono mai kauri, ta tsaya a kaina. "Shanye duka, kai ba ya aiki da yunwa." Na shanye, na hau bayan babur ɗin Kawu Sale muka nufi Kankia.

Ɗakin cike da kwamfutoci, ga fanka tana kaɗawa, ga shiru irin wanda ban samu ba tun da aka fara kirana Likita. Na amsa tambayoyin farko lafiya lau. Sai na ce bari in lumshe ido in tuno wata amsa. (Har yau ina rantsuwa tunani na tafi yi.)

An ce minsharina har layin baya ana ji. Ni dai abin da na sani, hannu na ji a kafaɗata. Na zabura na miƙe tsaye, kujera ta kife, na ɗaga murya iya ƙarfina:

"Wallahi Baba karatu nake!"

Ashe malamar da ke kula da ɗakin ce. Ta dube ni, ta dubi yawun da ya dalalo mini a haɓa, ta ce, "To sannu, ɗan Baba. Zauna ka ƙarasa, lokaci ya kusa." Ɗakin ya kece da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya leƙo. Sauran tambayoyin da ido kawai na bi su ina dannawa.

Kawu Sale ya ji komai ta taga, don haka labarin ya riga ni shiga gida. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa ina jiran faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ashe har a Kankia tsorona kake ji?" Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Tashi ka shiga ka kwanta. Kada wanda ya tashe shi."

Makin bai kai ba, ba sai na faɗa ba. Da shekara ta zagayo na sake zama, na samu gurbin karatun aikin gona, kuma can na ji daɗin raina.

Abin da na koya shi ne, ido ba ya yafe haƙƙinsa. In ka hana shi a ɗakinka, zai jira sai ka shiga cikin mutane da sabuwar riga.