Ranar da Na Tashi Makaranta Ƙarfe Goma na Safe

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin nan ba, ko da kuwa mutanen Dukawuya sun yi mini alfarma sun manta (har yau ba su yi ba).

Lokacin an ɗauke ni koyar da kwamfuta a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a unguwar. Mai makarantar, Hajiya Rabi, ta ce gwajin wata uku za ta yi mini, in na yi abin kirki ta tabbatar da ni, in ba haka ba in ƙara gaba. Ilimina bai wuce sakandare ba, sai wani kwas da nake zuwa da yamma a wajejen Ƙofar Nassarawa, inda wani Malam Nasiru ke koya mana haɗa ƙananan na'urori. Saura mako biyu gwajin ya cika, ni kuwa ban yi wani abin a zo a gani ba. Sai na je na ce wa Hajiya zan haɗa mata ƙararrawa mai buga kanta, ta sanar da sauyin darasi da hutun cin abinci da tashi.

"Ka iya dai ko?" in ji ta.

"Hajiya, ai wannan shi ne mafi sauƙi a abin da muka karanta."

Allah ya yafe mini wannan maganar.

A wajen Malam Nasiru, ba a taɓa na'urar gaske sai an gwada aikin a cikin kwamfuta. Akwai manhajar da ke kwaikwayon na'urar, har da 'yar fitila da ke kawowa tana ɗaukewa. Ita na'urar ba ta san sakan ba, sai a sassara mata shi gida dubu, in kana son ta jira sakan ɗaya ka rubuta mata dubu. Ranar da ya yi bayanin nan ya ƙara da wata magana a kan wasu ƙananan lambobi da ke gudu a ƙasan allon. Na ji dai ya ce "agogon ciki", sauran kuwa ban ji ba, ina duba sakamakon ƙwallo a waya.

Na zauna a gida da tsohuwar kwamfutata, wadda in ka kunna ta za ka iya yin alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na rubuta dubu, na sa agogon wayata a gefe. Fitilar ta kawo, ta yi shiru, sai bayan sakan uku ta ɗauke. Na sake, sakan uku. Kaina ya ɗaure. Littafi ya ce ɗaya, idona ya ce uku. Na canza waya, na kashe na kunna, duk ɗaya. Maimakon in tambaya, sai na yanke hukuncin cewa masu littafin ne suka yi kuskure. Na dinga rage dubun nan har ya koma ɗari uku da talatin da uku, fitila ta yi daidai da agogona. A kan wannan sakan ɗin nawa na gina mintoci da awowi. (Har na raya a raina in je in gyara wa Malam Nasiru karatu.)

Ranar Lahadi na zuba aikin a na'urar gaske, na kafe ta a bangon ofis, na danna maɓalli ta yi ƙara. Iyakar gwajin da na yi ke nan.

Litinin a wajen taron safe Hajiya ta ce daga yau kowa ya bi sabuwar ƙararrawa, ta wuce wani taro a Gwammaja. Ni kuma, ba wanda ya tambaye ni, na ƙara da cewa kwamfuta ba ta kuskure. Ƙarfe takwas daidai na kunna.

Darasi minti arba'in ne. Da minti goma sha uku ta buga.

Malam Sabo mai lissafi ya leƙo da alli a hannu, ya dubi agogonsa, ya kai shi kunne. "Malam, ko kwanan wata ban gama rubutawa ba."

"Tana daidaita kanta ne," na ce. Ban san inda na samo wannan ba.

Malamai suka yi cirko-cirko a baranda, wasu sun sauya aji, wasu sun ƙi. 'Yan aji huɗu suka sami malamai biyu, 'yan aji biyu ba kowa. Awa ɗaya da shiga aji ta buga ta cin abinci, yara suka fito suka tarar mai awara ko wuta ba ta hura ba. Aka kora su ciki. Ni kuwa ina ofis na buɗe kwamfuta ina kallon fitilata tana tafiya daidai da agogon waya, ga ta bango tana gudu kamar an biyo ta. Lamba ɗaya, aiki ɗaya, lokaci biyu. Na rasa wanda ke yi mini ƙarya.

Malam Sabo ya dawo. "Don Allah ka zare ta kawai."

Zarewa ita ce hankali. Amma zarewa amsa laifi ce, sai na ce ya ba ni minti biyar.

Ƙarfe goma ta saki doguwar ƙarar tashi. Wannan kam ba yaron da ke neman fassara. Kafin malamai su kai bakin ƙofa, 'yan aji ɗaya zuwa uku sun bazu a lunguna da jakunkuna a baya, maigadi ma ya buɗe musu, shi ma an ce ya bi ƙararrawa.

Haka na bi gida-gida ina sallama ina roƙon a dawo da yara. Wata tsohuwa ta fito da jikarta a hannu, ta dubi sama, ta dube ni. "Ɗan nan, Azahar aka matso da ita ne, ko mutuwa aka yi?" Ina cikin yi mata rantsuwa ba wanda ya mutu, sai ga adaidaitar Hajiya ta tsaya a bakin lungun. Ta leƙo ta dube ni da yara shida a bayana.

Da yamma na kai wa Malam Nasiru ƙara. Ya sa yatsa a kan ƙananan lambobin nan na ƙasan allo. "Wannan ne agogon na'urar. Kwamfutarka ba ta da ƙarfi, sai ta yi sakan uku kafin ta kwaikwayi sakan ɗaya. Dubun daidai yake, kai ka ɓata shi. Ba ka nan ranar da na faɗa?"

Na ce ina nan. Ya ce to ai shi ne abin tausayin.

Washegari na shiga ofis na ba Hajiya haƙuri, na faɗi komai har da ƙwallon, ina jiran takardar sallama. Ta daɗe tana juya biro.

"Ba zan kore ka ba," ta ce. "Na ƙara maka gwajin wata uku. Na kalandar bango, Malam, ba naka ba."

Na cinye su cif, ba rana ɗaya da ta yi sauri. Tun daga nan, in na ga lissafina ya saɓa da na littafi da na malami, ba na fara gyara su. Nakan fara tambayar kaina abin da nake kallo a waya ranar da aka yi bayani.