Albashin Daraktoci a Ƙunshin Ƙosai

"Lafiya lau, ina gajiya, Ramotu, ina sauran littafin nan?"

"Ka ji mutumin banza, ko gaisuwar bai ƙarasa ba. Kawu ya tashi lafiya, ko shi ma haka ka gaishe shi a guje?"

Tsado akawun sikeli ne a kantin Turawan da ke sayen gyaɗa da kaɗanya a Kontagora. Ramotu kuwa taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa, mai ƙosai a bakin kasuwa; mahaifinsa take kira Kawu. Kukun Baturen kantin ne ke kawo mata tsofaffin takardu tana ƙunshi da su. Jiya Tsado ya sayi ƙosan kwabo, ya tsaya karanta ƙunshin saboda shegen karambani irin na akawu, sai ya ga abin mamaki. Ashe a can Ingila ana sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwa, kowa ya saya, don haka dole duk shekara a buga littafi a gaya wa masu jari abin da manyan suka ɗiba. Shafinsa ya jero daraktoci bakwai, ya ce albashinsu yana shafi na gaba.

Kwana uku ke nan yana yawo da takardar neman ƙarin sisi ga leburori, ba wanda ya dangwala yatsa, domin Bature ya ce bana kamfani bai ci riba ba. Baƙo, shugabansu, ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga lambar albashin daraktocin da idonsa. Ga shi da hantsi Bature zai tafi Zungeru, ba zai dawo ba sai bayan kaka.

"Shafi na sha ɗaya nake nema," in ji Tsado, yana leƙa ƙarƙashin kujerarta.

"Ɗauke ƙaton kanka daga kaskona! Na san lamba ne? Ni shafi biyu na sani: na ƙosan kwabo da na ƙosan taro."

"Wanda ke bayan mai hotuna."

"Au, mazajen nan nawa bakwai? Mai sanƙon nan na fi so. Jiya na ƙunshe shi da yaji, bai ko yi atishawa ba."

"Shi ne shugaban."

"Na ga alama. Wuyansa ɗaya ya yi cinyarka biyu. Mene ne aikinsa?"

"Zama."

"Zama kamar yaya?"

"Su taru sau huɗu a shekara, su zauna a kan kujera, su ɗaga hannu. Shi ke nan a biya su."

Ramotu ta saki matsami a cikin kasko. "Kai, maƙaryaci tun kana goye! Ni shekara goma sha ɗaya ina kan kujerar nan, kullum ina ɗaga hannu. Ashe darakta ce ni ba a gaya mini ba?"

"Ke? Daraktar ƙuda dai. Don Allah duba, rana tana yi."

"Ranar taka ce? Da wannan gajeren wandon da gwiwoyi kamar na raƙumi za ka tsaya gaban Bature?"

"Gwiwar gidanku ce, gun Gwaggo na gado."

Ya janyo tarin takardun ya shiga bincike. Sha ɗaya babu, sha huɗu ga shi, sha biyar duk mai. Kowace mota ta yi gurnani sai ya waiwaya wajen kanti. Ramotu kuwa ko a jikinta, ta gyara zama sosai a kan kujera. Gyaran zaman nan ne ya tona ta.

"Tashi."

"Ba na tashi. Darakta ba ya tashi."

"Ramotu, a kansa kike zaune!"

"To, sai me? Tun jiya da na ga idonka ya fito kamar na kwaɗo na ce wannan wawan zai kashe kansa da takarda. Kuku ya karanta mini. Shugaba fam dubu tara a shekara, sauran dubu ɗaya da ɗari biyar kowanne."

Tsado ya yi tsaye, baki buɗe. Lebura sule biyu yake samu a yini, da buhu a ka tun safe. Haushi ya cika shi har kunnensa ya yi zafi.

"Kin sani, kika ɓoye?"

"Na ɓoye. In ka kai wannan, Bature ya kore ka, wa zai ci da Kawu? Mai sanƙo?"

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Tsoro take ji, shi ma ya ji shi, don tun daren jiya abin da ke cin sa ke nan.

"Ni nake miƙa wa Baƙo sule biyun nan da hannuna," ya ce. "Kullum sai na sunkuyar da kai. Na gaji, 'yar Gwaggo."

Ta dube shi, ta dubi kasko, ƙosai har ya fara ƙuna. Ta ja tsaki, ta ɗaga, ta zaro shafin da ɗuminsa.

"Ungo. Kada ka riƙe da hannun mai, sakarai. In sun kore ka, ka zo ka riƙa hura mini wuta."

"Nawa za ki biya ni?"

"Yadda kuke biyan Baƙo."

"To, ke ma wallahi sai na rubuta miki takarda!"

Ramotu ta fashe da dariya har da hawaye, ta kwashe ƙosan taro ta cusa masa a aljihu.

"Ka ci kafin ka shiga. Kada cikinka ya yi ƙugi, Bature ya zaci tsoro ne."