Muzurun Gwamnati da Kwalin Kifina

Jama'a, yau da bismilla na buɗe shago, da salati na rufe shi. Wata ɗaliba ce ta zo sayen bandar kifi, na jawo kwalin da aka aiko mini daga gida, na cusa hannu, sai na ji kifin da ɗumi. Ban gama mamaki ba kifin ya yakushe ni. Ashe kyanwa ce ta haihu a ciki, ta baje a kan jarina ita da 'ya'yanta, tana harara ta kamar ni ne na shigo ba sallama.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Kalilu mai kayan miya na unguwar Sri Petaling, nan ƙasar masu Malayanci. Boko ban yi nisa ba, amma kafin in san jirgin sama na daɗe ina dillancin awaki a kasuwar ƙauye, saboda haka dabba ba ta ɓoye mini komai.

Mai ginin ya ji hayaniya ya leƙo. Ya dubi kwali, ya dube ni, ya ce, "Tak boleh, bos. Kafin ka rufe shago su fita, in ba haka ba in kira masu raga." Tak boleh, wato ba zai yiwu ba ke nan. Masu raga kuwa su ne masu zuwa da mota suna kwashe dabbobin titi. Ban san inda suke kai su ba, amma ban taɓa ganin kyanwar da ta dawo ta ba da labari ba.

Na kira uwargida Sauda. Ta ce, "Alhaji, kada ka kuskura ka bari a kwashe masu shan nono. Ka san abin da malamai suka ce ya sami matar da ta zalunci kyanwa."

Na ce, "To in kawo su gida?"

Ta ce, "Ni ban ce ba." Ta kashe waya.

Ina tsaye ina tunani sai ga wani jibgegen muzuru a bakin ƙofa yana lasar baki. Kullum nan yake yini. Na ce yauwa, ga uban 'ya'ya. Da na ƙura masa ido sai na ga an gutsure masa kan kunne ɗaya, yanka mai kyau, ba cizon faɗa ba. To a garinmu akuyar da aka yanka wa kunne tana da mai ita. Wanda ya yi shaidar shi ne mai dabba, in ta yi ɓarna ƙofarsa ake zuwa.

Na ƙwala wa maƙwabcina Bala kira, wanda yake jigilar ɗalibai a motarsa. Na ce, "Bala, shaidar wane gida ce wannan?"

Ya ce, "Baba, ai ta gwamnati ce. Ba ka ga ƙyallen da aka rataya wajen Titiwangsa ba? Ga wani babba rungume da kyanwa yana murmushi, an rubuta za a gina musu gida."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ta da mota, mu mayar wa gwamnati jikokinta."

Muka ɗora kwali a baya. Bala yana tuƙi yana ƙorafin motarsa za ta yi wata tana ƙarnin kifi, ni kuwa ina sa wa manya albarka. Kai, Allah ya ja zamanin Ranka-ya-daɗe Sarkin Almakashi, gwanin yanka zare! A ina aka taɓa ganin shugaban da ya tuna da mage?

Muka isa. Wallahi gida ya yi kyau, a jikin ƙyalle. Akwai bene, akwai lambu, har da wurin wasa. A ƙasa kuwa fili ne da ciyawa ta kai ƙugu, sai dutsen harsashi a tsakiya mai rubutun ruwan zinariya. Kyanwa uku na barci a kansa, ina jin su ne suka fara tarewa.

Mai gadi ya fito yana hamma. Na ce da shi na kawo kayan gwamnati. Ya ce, "Kwamiti na nan na aiki, bos."

"Ina?"

"A otal. Sun gama zaman duba filin, yanzu sun kafa ƙaramin kwamiti da zai duba rahoton babban." Ya nuna mana wani lungu da haɓa. "In kyanwa ce, ku je wurin Makcik Khaulah. Kowa can yake kaiwa."

Makcik, wato inna ke nan a bakin mutanen nan, wata dattijuwa ce mai ɗan gida a ƙarshen lungu. Tun daga ƙofa kyanwoyi ne: kan taga, kan firji, cikin kwandon wanki. Wani mai ƙafa uku yana zaune a kan kujera kamar shi ne mai gidan. Na tattaro guntun Malayancina na kasuwa na shigar da ƙara: ga uwa, ga 'ya'ya, uban kuma muzurun gwamnati ne, shaidarsa na kunne.

Matar nan ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce, "Pak Haji, ka yi wa bawan Allah ƙazafi. Duk wanda ka ga an gutsure wa kunne, an fiɗiye shi ke nan. Alama ce kada a sake kama shi. Wannan muzurun ko ya so ba zai haihu ba."

Bala ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na ce, "To ai dai gwamnati ce ta yi aikin."

Ta ce, "Ni ce. Ni nake kama su, wani likita mai tausayi ya yi mini rangwame, in yi jinyarsu a nan, in mayar da su."

"Manya fa, me suka ba ki?"

Ta nuna bango. Takardar yabo ce a cikin gilashi, da hotonta tana karɓa. Na ce, "To wadda Ranka-ya-daɗe ya runguma a ƙyalle, taki ce?" Ta ce a'a, nata ba su yi kyan hoto ba, daga kantin sayar da kyanwoyi aka aro mai dogon gashi, aka mayar da ita bayan taro.

Ku duba mini, jama'a. Garin da in ka ajiye mota a karkace, kafin ka gama shan shayi a mamak, teburin mai shayinsu, an same ka, shi ne wai bai san yawan kyanwoyin da ke bayan kowane kedai, wato shago, ba. Mutanen nan suna son mage, kowa na tsakura mata daga farantinsa. Mu ma baƙi da namu: ɗalibi ya sayi 'yar kyanwa don kaɗaici, ya gama digiri, ya ajiye ta a bakin kwata ya hau jirgi. Su kuma suna ta haihuwa. An bar wa tsohuwa ɗaya aikin gari guda, alhali abin da ake nema bai kai abincin ranar kwamiti ba: a ɗora bulo a kan dutsen nan, a biya likita, a sauke mata buhunan abinci. 'Yan gida kuma kada ku yi dariya. Da namu manyan ne, ko ƙyallen ba za a gani ba, sai dai a ji a rediyo an rataya shi.

Na ce, "Makcik, to karɓi waɗannan." Ta buɗe mini ɗaki na ƙarshe, na leƙa, na rufe da kaina. Ko ƙafa babu inda za a sa.

Ta ce, "Ka riƙe su har a yaye su. 'Ya'yan zan nema musu gidaje. Uwar kuma ka kawo ta mu kai wa likita. Boleh?"

Na dubi kwali. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya rungumi kan kifi yana barci. Na ce, "Boleh."

A hanya Bala ya gyara murya. "Baba, ranar da za a yanka mata kunne, wa zai kai ta?"

Na ce, "Ni."

"To a dokar garinku, wanda ya sa aka yi shaida..."

Na ce, "Kalli titi, ɗan nema."

Da muka isa gida na tarar Sauda, wadda ba ta ce ba, ta riga ta shimfiɗa tsohon zanenta a bayan ƙofar kicin. Masu raga dai ba su samu ba, kifina kuma ya tafi sadaka. Muzuru, gobe zan ba shi haƙuri da jelar kifi.

Abin da ya rage shi ne in roƙi Makcik ta tambayar mini likitan nan ko yana duba kwamiti. Na ga shi ma haihuwa yake ta yi, kuma har yau kunnensa lafiya lau.